Fostar Cigiyar Baba

"Wannan ba Baba ba ne."

"Baba ne mana. Ke ba ki san ubanki ba?"

"Ni nake wanke masa kaya, ni nake ba shi abinci a baki, kai za ka nuna mini ubana? Wannan mutumin da ka buga, rabon da a gan shi a duniya shekara goma sha biyu."

Yaya ta maka fostar a kan tebur. Gefenta ya yage, busasshen gam na manne a bayanta. Daga jikin turken lantarki ta ɓamɓaro ta. Ƙaninta Auta bai ɗago ba. Ya riƙe maus yana yawo da kibiya a kan allon kwamfuta kamar mai aiki. Babu aikin.

Shagon siriri ne, dogo. Kwamfuta biyu, injin buga fosta da ya cinye rabin wuri, da fanka mai kwasar warin tawada daga wannan bango ta kai wancan. A can ciki Maigida, mai shagon, yana yankan ledar talla da reza a jikin doguwar rula. Bai tsaya ba. Rezar dai ta rage sauri.

Yau kwana na uku da ɓatan Baba. Ranar Litinin da hantsi Yaya ta shiga wanka ba ta sa sakata a ƙofar waje ba. Ta fito ta tarar da kujerarsa, babu shi. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Jikin ya tashi, kan bai tashi tare da shi ba. Ba ya gane hanyar gida. Wata rana gidan ma ba ya gane shi. Yaya ce ke dawainiyarsa tun rasuwar mahaifiyarsu. Auta a gidan yake kwana, amma kafin Baba ya farka ya fita, sai ya tabbata ya kwanta yake dawowa.

Sun raba aikin nema. Ita asibitoci da ofisoshin 'yan sanda. Shi fosta, tunda sana'arsa ce. Ta turo masa hoto ta waya, wanda ta ɗauka watan jiya a layin ganin likita. Ya buga ɗari biyu, jiya ya wuni yana liƙawa. Sai da safen nan Yaya ta ga guda ɗaya.

"Maƙwabciyarmu ta shigo mini da kuka," in ji Yaya. "Wai ta ga sanarwa, ashe Baba ya rasu ba a gaya mata ba. Ta'aziyya aka yi mini, Auta. Ubana yana yawo a gari, ban san ko da takalmi a ƙafarsa ba, ana mini ta'aziyya."

"Rashin karatunta ne. Ai an rubuta cigiya."

"Ina?"

Ya nuna da yatsa, bai taɓa takardar ba. A can sama, da siririn rubutu mai lanƙwasa, ruwan zinare, irin na katin gayyata.

"To ina inda aka ce ba ya gane hanya? Ina kayan da ke jikinsa? Na ce maka a rubuta."

"Na rubuta. Duk abin da kika ce na rubuta. Ko harafi ɗaya ban bari ba."

"Ina?"

"Ga shi nan ƙasa."

Ta ɗauki fostar ta kai dab da hancinta. Ta karkata ta wajen hasken ƙofa. Leɓenta na motsi tana bin layin da ƙyar.

"Wannan ai sai da tabarau biyu. Ina hoton da na turo maka?"

"Bai fito ba. Ya yi duhu."

"Ƙarya kake."

Ƙarya yake.

Maigida ya ajiye reza ya fito. Gajere ne, da tabarau ɗaure da zare, yatsunsa sun rine tun zamanin da yake rubuta allunan shaguna da buroshi, kafin kwamfuta ta zo. Ya miƙa hannu, Yaya ta ba shi fostar. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Yaushe aka buga wannan?"

"Shekaranjiya da yamma."

"Ina ina?"

"Ka tafi kai aiki."

"An yi mata ƙirga uku?"

Auta ya ci gaba da yawo da kibiya a kan allo.

Dokar shagon ce. Babu aikin da ke fita sai an kira wanda bai taɓa ganinsa ba, a ɗaga masa, a ƙirga uku, a ɓoye, a tambaye shi me ya gani. Abin da ya faɗa shi ne aikin. Abin da bai faɗa ba, kamar ba a rubuta ba ne, ko da yana jikin takarda. Maigida yakan ce mai wucewa a titi ba karatu ya fito yi ba, kallo ɗaya zai ba ka, yana tafiya, hankalinsa na wani wuri. Shekara huɗu Auta yana jin wannan, tun da ya gama sakandare sakamako bai yi kyau ba. Yanzu shi ne ma yake yi wa ayyukan shagon gwajin. Wannan ce kaɗai ya fitar babu gwaji.

Maigida ya leƙa waje. Ya ɗaga murya zuwa tsallaken titi.

"Mai kemis! Ara mana idonki minti ɗaya."

Auta ya saki maus.

Mai kemis ta tsallako da farar rigar aikinta, biro a aljihu. Wata shida ke nan Auta yana sayen maganin ciwon kan da ba ya yi. Ita ma ta gane, tana miƙo masa tana dariya. Ya gaya mata abubuwa da yawa a bakin kantar nan. Ya ce ubansa direban manyan motoci ne, shekara talatin a kan hanya ko akuya bai taɓa bugewa ba, yanzu ya yi ritaya yana gida yana hutawa. Gaskiya ne, ta wani gefen.

"Kin san wasan," in ji Maigida. Ya ɗaga fostar. "Ɗaya. Biyu. Uku." Ya mayar da ita bayansa. "Me kika gani?"

"Wani babban mutum. Farar riga, gemu baƙi wuluk. Kyakkyawa."

"Sai me?"

"Yana kallon sama, wajen wani rubutun zinare. Abin alfaharinmu, ko me."

"Sai me?"

"Shi ke nan." Ta yi wa Auta murmushi. "Aikinka ne, na gane hannunka. Takara yake yi? Ka ce masa kada ya manta da mutanen titin nan in ya ci."

Ba wanda ya yi dariya. Ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ubanmu ne," in ji Yaya. "Ya ɓata tun Litinin. Ba haka yake ba yanzu. Ga shi." Ta miƙa mata waya. "Ko ya biyo ta nan kin gan shi?"

Auta ba sai ya leƙa ba, ya haddace hoton. Baba a kan bencin asibiti. Kumatu sun faɗa, farin gemu a hargitse, idon hagu ya sauko rabi a rufe, baki ya karkace da ɗan yawu a gefe. Tsohon kwat ruwan ƙasa wanda ba ya yarda a cire masa ko ana tsananin zafi, maɓallinsa a ramin da ba nasa ba.

Mai kemis ta kalli wayar. Ta ƙara kallo.

"Ai na san shi. Ba shi ne ..." Ta juyo wajen Auta. "Ba maƙwabcinku ba ne? Wanda ka ce kuna ɗan taimaka masa?"

Wata biyu da suka wuce Yaya ta biyo da Baba ta titin, za su asibiti. Ta tsaya karɓar katin asibitin da Auta ya manto a aljihunsa. Baba ya tsaya a bakin shago, gaban wandonsa a jiƙe, yana ɗaga wa motoci hannu su tsaya. Auta ya miƙo katin daga bayan inji, bai fito ba. Da yamma mai kemis ta tambaye shi wane ne tsohon nan. Amsar ta fito da kanta, sumul, ko tuntuɓe harshensa bai yi ba.

Yaya ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta karɓi wayarta, ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta sa a jaka, ta ja zip a hankali.

"Saura asibiti biyu ban je ba," ta ce. "Bari in je in nemo maka maƙwabcinka."

Ta fita. Mai kemis ta ce ta bar mutane a shago. Babu kowa a shagon, daga nan ana gani. Ta tsallaka ba ta waiwayo ba.

Maigida ya shimfiɗa fostar a kan teburin yanka, ya danne kusurwoyinta da rula da almakashi.

"Zo nan."

Ya zo.

"Da sabon shiga ne ya yi wannan, da na ce bai iya ba, in zaunar da shi in koya masa. Kai ka iya. Shi ne abin da ya dame ni." Ya ɗora yatsa a kan farar rigar. "Ido ya shigo. Ina zai fara sauka? Inda ya fi haske. Ka sa fari a kan shuɗi mai duhu. Daga nan sai fuska, don ido ba ya wuce fuska bai tsaya ba. Fuskar tana kallon ina? Sama, dama. Duk wanda ya ga mutum yana kallon wani wuri sai ya bi ya ga me ake kallo. Me ka ajiye masa a can? Zinare. Mahaifinmu abin alfaharinmu. Ya karanta, ya ƙoshi, ya fice ta saman takarda ya yi tafiyarsa."

Yatsan ya gangaro ƙasa, kusurwar hagu, bayan kafaɗar mai farar riga.

"Nan kuma, inda ya juya wa baya, ka sa ruwan toka a kan shuɗi. Ƙananan haruffa, a matse. Ka raba lambar waya da maganar, ka kai ta wancan gefen ka manna ta da sunan shagona. Abubuwan da ke kusa da juna, ido yana ɗaukarsu 'yan gida ɗaya. Duk wanda ya gani zai ce lambarmu ce, talla muke yi. Wa ya koya maka?"

"Kai."

"Ni. Don ka nuna wa mutane abu na koya maka. Ban san ana ɓoye mutum da shi ba."

"Na rubuta komai," in ji Auta. Muryar ba ta fita sosai ba.

"Ka rubuta don in an tambaye ka, ka ce ka rubuta."

Bai zauna ya shirya yin haka ba. Abin da yake gaya wa kansa ke nan tun shekaranjiya. Ranar ya buɗe hoton da Yaya ta turo, ya cika allo da shi, sai ya tuna akwai turken da za a liƙa a ƙofar kemis. Ya rufe. Ya zaro tsohon hoton da ke cikin walat ɗinsa, na ranar da kamfani ya ba Baba takardar yabo. Sauran aikin, hannunsa ne ya yi. Hannun ya san aiki.

"Zauna," in ji Maigida. "Buɗo na gaskiyar."

Ya buɗe. Ya yanke bencin, ya yanke mutanen da ke layi a baya, ya bar kai da kafaɗu da wuyan kwat. Hannunsa ya tafi da kansa wajen abin goge tabo, wanda yake share wa amare ƙuraje da shi. Kibiya ta tsaya a kan yawun.

"Me za ka yi?" Maigida yana tsaye a bayansa.

"Ɗan gyara."

"Wanda zai tsince shi, da yawun zai tsince shi. Bari."

"Idon fa? Ko in ɗan ɗaga shi?"

"Tsofaffi masu farin gemu sun fi dubu a garin nan. Mai wannan idon ɗaya ne. Ƙara masa haske ma."

Ya ƙara. Sai da ya kalli fuskar ubansa kusan minti ashirin, kusa-kusa, yana daidaita haske da inuwa. Rabon da ya kalle ta haka tun kafin ciwon. Akwai tabo a goshi wanda bai san da shi ba. Sabo ne, bai gama bushewa ba lokacin da aka ɗauki hoton. Bai san ranar da Baba ya faɗi ba. A gida ɗaya suke kwana.

Ya sa baya fari fat. Kalma ɗaya a sama, ja, mai kauri, daga gefe zuwa gefe: CIGIYA. Fuska a tsakiya, tana kallon mai kallonta. Dab da haɓa, lambar Yaya, baƙa, kowace lamba kamar babban yatsa. Layi biyu a ƙasa. Ba ya gane hanya. Yana sanye da kwat ruwan ƙasa.

"Fili ya yi yawa a gefe," ya ce.

"Filin ne zai tura ido wajensa. Kada ka sa komai. Har sunan shago."

Wani mutum ya shigo yin fotokwafi. Maigida ya juya masa allon kwamfutar, ya ƙirga, ya juyar.

"Wani tsoho ne ya ɓata," in ji mutumin. "Mai ido ɗaya a rufe. Akwai lambar waya ƙasan gemunsa. Kai, Allah ya bayyana shi. Ɗan unguwar nan ne?"

Maigida ya kalli Auta. Auta ya danna inji. Injin ya ja numfashi, ya fara fitar da fuskar Baba, ɗaya a kan ɗaya.

Da turken ƙofar kemis ya fara. Ya ajiye bokitin gam, ya shafa a kan farar rigar da zinaren, ya ɗora sabuwa, ya bi ta da tafin hannu. Yana jin ido a ƙeyarsa ta cikin gilashi. Bai juya ba. Ya ɗauki bokiti ya yi gaba.

Ya bi hanyar jiya, turke bayan turke. Bakin kasuwa, ƙarƙashin gada, katangar makaranta, inda ake jiran mota a gaban asibiti. Jiya ya wuni yana liƙawa ba wanda ya tsaya, in ban da wani da ya tambaye shi inda ake irin wannan aikin mai kyau. Ya ji daɗin tambayar, har ya kwatanta masa shagon. Yau kafin ya ɗauke hannu mutum biyu ko uku sun taru a bayansa. Wata ta ɗauki hoton fostar da waya. Wani mai babur ya rage gudu ya karanta lambar a fili. Wani ya tambaya, "Naka ne?" Auta ya ɗaga kai yana fuskantar bango.

Gam ya bushe a yatsunsa, ya sake jiƙewa, ya sake bushewa. Rigarsa ta manne da bayansa. Sau uku ya kira Yaya, ba ta ɗauka ba.

Rana ta karkata lokacin da ya isa tasha. Nan ya fara jiya da sassafe, don ya san in akwai inda ƙafar Baba za ta kai shi ba tare da kansa ba, to tasha ce. Fostar tana nan a bangon ofishin tikiti, tsaf da ita, a saman wani dogon benci. Ya hau bencin, ya shafa gam, ya ɗora sabuwa. Hannunsa bai kai ƙasan takardar ba ya ji salati a bayansa.

"Kai! Wannan ai Direba ne!"

Wata mata ce mai jiki, mai sayar da ruwa da lemo a gefen bencin. Ta miƙe, murfin kularta a hannu.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi? Jiya a kan bencin nan ya wuni. Nan, inda ƙafarka take. Tun hantsi har rana ta faɗi. Kowace mota ta shigo sai ya tambaya ko ta cika. Mu muka sa masa Direba. Ni na ba shi burodi, da hannuna na jiƙa masa a ruwa don ba ya iya tauna."

Auta ya kalli bencin. Ya kalli bango. Tsakanin kan mai zama da ƙasan takardar bai fi taƙi ɗaya ba.

"Ba ki ga ta jiya ba? Wadda ke nan?"

"Mai farar riga? Na gani mana. Har na ce wa mai tikiti, ga mai motocin nan ya buga hotonsa don mu san shi. Me ya haɗa shi da wannan bawan Allah?"

Ya sauko daga bencin.

"Yana ina yanzu?"

"Mai gadi ya ja shi baya, inda ake jibge matattun motoci, don kada ya kwana a titi. Da safe na aika masa shayi. Kawo ɗaya." Ta fizgi fosta daga hammatarsa. "Biyo ni. Mai tikiti, duba mini kaya!"

Tana tafe tana ɗaga takardar. "An zo neman Direba! Ashe yana da mutane!" Kwandastoci da masu dako suka biyo su, mutum shida ko bakwai. Bayan tashar fili ne, ciyawa da baƙin mai, da motoci a kan duwatsu babu tayoyi. Mai gadi ya taso daga inuwa da sandarsa. Tsoho ne shi ma, amma a miƙe. Ya tare hanya.

"Ba na ba da mutum ga wanda ban sani ba," ya ce. "Kai wane ne nasa?"

Kowa ya juyo. Auta ya ji idanunsu a kan agogonsa, da askinsa, da takalminsa mai tsabta.

"Babana ne."

"Me?"

"Sai ka ɗaga murya, ɗana," in ji matar. "Kunnensa ya yi ritaya kafin shi."

"Babana ne!"

Muryar ta bugi jikin motocin ta dawo. Mai gadi ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya dubi fostar. Ya sake dubansa.

"Jiya nan ya kwana," ya ce. "Shekaranjiya, Allah kaɗai ya sani."

Ya kauce.

Baba yana cikin wata doguwar bas da babu gilashin gaba. Yana zaune a kujerar direba, bayansa a miƙe, hannu biyu a kan sitiyari. Lokaci-lokaci yakan ɗaga kai ya duba madubin da babu. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Ɗayar ƙafar ta kumbura, ta yi fari da ƙura, akwai busasshen jini a babban yatsa. Warin ya iso kafin Auta ya taka matakala.

"Baba."

Baba ya juyo. Idon dama ya tsaya a kansa, ya daɗe.

"Kwandasta. Ina ka shiga? Mota ta cika?"

Auta ya matso kusa da kujerar.

"An fasa tafiyar yau. Sai gobe."

"An fasa?"

"An fasa. Sauko mu je gida."

Baba ya yi tunani. Ya saki sitiyari, yatsa bayan yatsa.

"To ka sauke wa mutane kayansu. Kada a bar na kowa a sama."

"Zan sauke."

Ya sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi. Babu nauyi. Wandon ya bushe ya ƙame, ya goga a gaban rigar Auta. Mutanen suna kallo daga ƙasa. Ya zaunar da shi a kan matakala, ya durƙusa, ya cire takalminsa ya zura masa. Sun yi masa yawa, ya ja igiyar ya ɗaure. Ya miƙe da safa a kan tsakuwa.

Ya tura wa Yaya saƙo, tunda ba ta ɗaukar kiransa. Kalma uku: Na same shi. Wayar ta yi ƙara nan take.

"Ina?"

"Bayan tasha."

Ta kashe.

Ba ta yi rabin awa ba ta iso, mayafinta a hannu. Ta zube a gaban Baba, ta shafa fuskarsa, ta shafa hannayensa, ta buɗe kwat ɗin ta duba ƙirjinsa. "Baba, ka ci abinci? Ina ke ciwo?" Ya kira ta da sunan mahaifiyarsu, ta amsa. Ta ga takalmin da ke ƙafarsa. Ta ga safar Auta. Ta yi wa mai gadi godiya, ta yi wa matar godiya har sau uku, ta riƙe hannunta da hannu biyu. Auta kuwa, ba ta kalle shi ba.

"Kama can," ta ce wa iska.

Ya kama. Suka sa shi a tsakiya, suka tako a hankali, takalmin yana jan ƙasa. Mutanen suka buɗe musu hanya. Wani kwandasta ya ce, "Direba, sai gobe, ka zo da wuri!" Aka yi dariya, Baba ya ɗaga masa hannu.

Sun zo daidai ofishin tikiti sai Baba ya tsaya. Jan rubutun ne ya kamo shi, tun daga nesa. Auta yana ganin idon yana sauka daga kan jan zuwa fuskar, ya tsaya a nan. Yaya ta ja shi a hankali.

"Baba, mu je. Ga mota can tana jira."

Bai motsa ba. Ya zare hannunsa daga nata, ya matsa kusa da bango. Leɓensa na motsi.

"Ci-gi-ya."

Ya ɗaga yatsa ya taɓa kumatun da ke jikin takardar. Gam ɗin bai gama bushewa ba, takardar ta lotsa ƙarƙashin yatsan. Ya bi gemun, ya bi idon da ya sauko, ya tsaya a gefen bakin. Ya goga wurin da babban yatsa, kamar zai share.

"Allah sarki," ya ce. "Dubi yadda ya koma."

Matar mai ruwa ta sunkuyar da kai cikin kularta. Mai tikiti ya daina buga hatimi. Baba ya juyo, ya kalli Yaya, ya kalli Auta, da damuwa a fuskarsa irin ta mai tausayin baƙo.

"Kwandasta, wannan bawan Allah ba shi da 'ya'ya ne?"